Darasin Kadawa: Yalwar noman rani da iyakar ruwan Tiga

A kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke hunturu ya kawo kai, sai a ga ayarin motocin manyan jami'an gwamnati sun bar Abuja sun nufi Jigawa ko Kano ko Kebbi domin bikin ƙaddamar da noman rani. A wajen bikin akan jera buhunan taki da injinan ban-ruwa, a karanta adadin hektocin da za a noma da yawan amfanin da ake sa ran girbewa, a ɗauki hotuna, a watse. Wannan jarida tana goyon bayan noman rani ɗari bisa ɗari, domin ƙasar da al'ummarta ta haura miliyan 200 ba za ta ci gaba da rataya abincinta a wuyan daminar wata huɗu ba. Sai dai muna ganin ya wajaba masu tsara waɗannan shirye-shirye su tsaya su yi nazarin wani wuri da Najeriya ta daɗe tana gwada irin wannan noma, kafin su ƙara wa kasafin kuɗi sababbin alƙawura.

Wurin kuwa shi ne yankin Kadawa, wato filayen ban-ruwa na Kogin Kano da suka ratsa ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Shekara hamsin ke nan ruwan madatsar Tiga yana kwarara zuwa waɗannan gonaki. Shekara hamsin ta isa a gane abin da ya haifar da yalwar da aka samu, da wanda ya biya kuɗinta, da inda ta tsaya ta kasa wucewa. Abin da tarihin yankin yake nunawa shi ne, ƙarin amfanin gona da aka samu ta hanyar ƙara ruwa da taki da tallafi yana da iyaka, kuma an kusa cim ma iyakar. Ƙarin da ya rage a samu nan gaba zai fito ne daga kyautata rabon ruwa, da gyaran magudanai, da kula da lafiyar ƙasa, da tabbatar wa manomi kasuwa. Waɗannan ayyuka ne marasa biki, kuma mafi yawansu a kan teburan ma'aikatan tarayya suke.

Asalin aikin ya samo tushe ne daga zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, gwamnan farko na tsohuwar Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Gwamnatinsa ta fara da madatsar Bagauda da wata gonar gwaji a Kadawa, bisa shawarar masana daga ƙasar Holan, sannan ta gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, madatsar da aka tsara ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Abubuwa biyu suka haɗu suka hanzarta aikin. Fari mai tsanani da ya afka wa yankin Sahel a farkon shekarun 1970 ya nuna wa kowa hatsarin dogaro da ruwan sama, kuɗin man fetur da suka tuɗaɗo a daidai wannan lokaci kuma suka ba gwamnati ƙarfin aljihun da ba ta taɓa samu ba. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An tsara kashi na farko zai shayar da hekta 22,000, kodayake abin da aka kammala bai kai haka ba. A 1992 aka ƙara madatsar Challawa a yankin Ƙaraye.

Madatsa kaɗai ba ta isa ta mayar da yankin abin da ya zama ba. Daga shekarun 1980 hukumar raya karkara ta Kano, KNARDA, ta shiga yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa masu amfani da fetur da rijiyoyin fadama marasa zurfi, daga bisani shirin Fadama na Bankin Duniya ya ɗora a kai daga farkon shekarun 1990. Wannan ƙaramin inji, wanda mutum zai iya ɗaurawa a bayan babur, ya ba manomin da gonarsa ba ta cikin tsarin gwamnati damar jan ruwa daga kogi ko magudana ko rijiya. Ga kuma babbar hanyar Kano zuwa Zariya da ta ratsa tsakiyar yankin, wadda ta haɗa gona da kasuwar Dawanau ta gefe guda, da kasuwannin Legas da Fatakwal ta ɗaya gefen. Ruwa ya samu, kasuwa ta samu, ga hannayen aiki birjik a ɗaya daga cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Afirka.

Sai kuma hannun gwamnati a harkar farashi, wanda shi ne ya riƙa zaɓa wa manomi abin da zai shuka. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama a 1987, Kadawa ta cika da alkama. Da aka ɗage haramcin a 1992, manoma suka juya mata baya. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kayayyaki 41, ciki har da shinkafa da tumatirin gwangwani, samun dala a farashin gwamnati. A watan Nuwamban wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, aka biyo da shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko, wanda ya sauko da buhun taki zuwa naira 5,500. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya ɗaga darajar shinkafar gida, sai shinkafa ta mamaye filayen da a da ake raba su tsakanin alkama da masara da kayan lambu.

Duk mai adalci zai yarda cewa an ci riba. Manomin da kakansa yake girbi sau ɗaya a shekara, sannan ya ɗauki buzu ya tafi cin rani, yau yana girbi sau biyu, wani ma sau uku. Garin Kura ya zama cibiyar sarrafa shinkafa, inda ɗaruruwan injinan casa suke aiki, dubban mata kuma suke samun abin hannu daga turara shanshera da shanya ta. Kasuwar Kwanar Gafan takan cika maƙil a lokacin tumatir, manyan motoci suna lodi dare da rana zuwa kudu. 'Yan ƙwadago suna zuwa daga jihohin maƙwabta har da Jamhuriyar Nijar. Masu gyaran inji da dillalai da masu saƙa kwando da direbobi duk suna cin abinci daga wannan ruwa. Wanda ya ci tumatir ɗanye a Wuse ko Nyanya a watan Fabrairu, da wuya a ce bai ci daga albarkar Tiga ba.

Amma ruwan da aka tare a sama, wani ne a ƙasa aka hana. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda yake bi ta Wudil da Ringim zuwa Haɗeja, ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, sannan ya haɗu da Kogin Jama'are kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe, mai bi ta Gaidam da iyakar Difa ya faɗa Tafkin Chadi. Tun kafin a san kalmar madatsa, al'ummomin wannan dausayi suna rayuwa ne bisa ambaliyar da takan zo kowace damina. Idan ruwa ya malale sai a shuka shinkafa a kama kifi, idan ya janye sai a shuka wake da sauran amfani a danshin da ya bari, makiyaya kuma su sauko da garkunansu cin ɗanyar ciyawa. Ambaliyar ce kuma take cika rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin ƙauyuka masu nisa suke sha. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ruwa yake malalewa a shekarun 1960 da 1970 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, amma daga baya ya ragu zuwa tsakanin 70,000 da 100,000. Fari yana da nasa kaso a wannan raguwa, madatsu ma suna da nasu.

A shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi wani lissafi da ya kamata kowane jami'in tsare-tsare ya sani. Sun kwatanta ƙimar abin da ruwa yake samarwa idan aka bar shi ya malale a dausayi, wato noma da kifi da itacen girki, da abin da yake samarwa idan aka karkatar da shi zuwa manyan filayen ban-ruwa. Sakamakon ya nuna cewa a kan kowane ma'aunin ruwa, dausayin ya fi riba nesa ba kusa ba, kuma ribar da ake samu daga faɗaɗa ban-ruwa a sama ba ta maye ko da rabin asarar da ake jawowa a ƙasa. Dalilin da ya sa wannan asara ba ta bayyana a rahotannin ma'aikatu shi ne, kifin masuncin Nguru da nonon Bafulatanar Guri ba sa bi ta kan sikelin da gwamnati take auna nasara da shi. Buhun shanshera ana ƙirga shi, abin da aka rasa domin samar da shi ba a ƙirgawa.

Matsalar ba ta tsaya ga yawan ruwan ba, har da lokacin sakinsa. A da kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani, wannan bushewa kuma ita take kashe ciyayin ruwa. Da aka koma sakin ruwa daga madatsu duk tsawon shekara, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Sakamakon haka wasu rassan kogin suka ƙafe, ruwan ya karkata ya taru a ɓangaren Marma da tafkin Nguru, ya cinye gonaki da hanyoyi, alhali mutanen da suke ƙasa da nan suna kukan ƙishirwa. Dajin kachala ya zama maƙwancin tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa, har gwamnati takan ɗauki hayar jirgin sama domin yi musu feshi. Wannan yanki kuwa shi ne na farko da Najeriya ta shigar cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000.

Akwai kuma batun ƙasa da masu ita. Fadamar da injin ban-ruwa ya mayar lambu, ita ce makiyayar rani ta Fulani tun kaka da kakanni, kuma burtalin da yake kai shanu mashaya sau da yawa shi ne ya zama kwamin albasa. Yawancin rigingimun manoma da makiyaya da ake samu a kwarin Haɗeja a nan tushensu yake. A cikin filayen ban-ruwan kansu, darajar gona ta tashi, mai ƙaramin ƙarfi da ya kasa sayen taki da mai yakan bayar da tasa haya ko jingina ga ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga birni, ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubansa. Najeriya ta riga ta ga iyakar abin da rashin adalci a harkar fili yake haifarwa, domin a watan Afrilun 1980 an zubar da jinin manoma a Bakolori, kusa da Talata Mafara, lokacin da suka tashi neman diyyar gonakin da aikin madatsa ya cinye.

Ita ma ƙasar da ake nomawa ta fara nuna gajiya. Inda aka toshe magudanan fitar da rarar ruwa, ko aka mayar da su gona, ruwa yakan kwanta ya jiƙe ƙasa fiye da kima, kanwa da gishiri su taso sama. Shuka shinkafa a bayan shinkafa ba hutu, da zuba takin zamani ba tare da takin gargajiya ko gwajin ƙasa ba, ya sa manoma da dama suna cewa buhunan takin da suke zubawa suna ƙaruwa, buhunan da suke kwashewa ba sa ƙaruwa. Ruwan da yake kwance shekara zagaye yana renon sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Noman abu iri ɗaya a fili mai faɗi kuma gayyata ce ga annoba. A 2016 ƙwarin da manoma suke kira sharon ya share gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina cikin 'yan makonni, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, kwandon tumatir ya gagari talaka. Tun daga lokacin ƙwaron yake dawowa, manomi kuma yana ƙara yawan feshi, sau da yawa ba safar hannu ba takunkumi.

Iyaka ta farko da wannan noma ya ci karo da ita ita ce ruwan kansa. Tiga da Challawa su ne suke shayar da birnin Kano ta matatun Tamburawa da Challawa, birnin da yawan jama'arsa yake ninkuwa. Su ne suke shayar da Kadawa, su ne suke ciyar da aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja a yankin Auyo, daga gare su dubban injinan da ba wanda ya san adadinsu suke ja, kuma daga abin da ya rage ne ake sa ran manomin Gashuwa da mai noman tattasai na Difa za su samu rabo. Kowace sabuwar hekta da aka yi alƙawari a wajen biki, daga wannan tulu guda za a ɗebo ruwanta. Tsohon shirin gina madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wanda ake tayar da maganarsa lokaci zuwa lokaci, zai taɓa kogin da a yanzu shi ne yake kai mafi yawan ruwan da Yobe take samu. Wanda yake shakkar cewa ruwa yana iya juya wa aiki baya, ya tuna da aikin ban-ruwa na Kudancin Tafkin Chadi a Borno, wanda aka kashe maƙudan kuɗi a kansa a shekarun 1970, tafkin ya ja da baya ya bar magudanai a bushe.

Iyaka ta biyu ita ce kulawa. Mun iya ginawa, ba mu iya riƙewa ba. Shekaru da dama kuɗin ruwan da ake karɓa daga manoma bai taka kara ya karya ba, abin da aka karɓa ma ba ya komawa ga gyara, har magudanai suka cika da laka da ciyawa, ƙofofin ruwa suka lalace, manomin da yake bakin magudana ya sha ya yi ambaliya, na ƙarshenta ya tashi a tutar babu. Sai da aka ciyo bashin kusan dala miliyan 500 daga Bankin Duniya a 2014, ƙarƙashin shirin TRIMING, aka gyara Kadawa da kwarin Haɗeja da Bakolori da wasu wurare, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A 2024 bankin ya amince da wata dala miliyan 500 domin shirin da zai gaje shi. Idan al'adar ita ce a ci bashi a gyara, a bari ya lalace, a sake cin bashi, to ribar noman tana tafiya ne wajen biyan kuɗin sakaci. Sakaci da madatsa kuwa yana cin rai: Bagauda ta ɓalle a 1988, Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ta nutsar da rabin Maiduguri.

Iyaka ta uku ita ce kasuwa. Tumatirin Kadawa yana nuna ne kusan lokaci guda, daga Janairu zuwa Afrilu, sai farashi ya faɗi har kuɗin kwando da na mota su fi abin da ke ciki daraja. Manomi ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa, ko ya bar shi ya ruɓe. Bayan wata uku kuma a shiga tsada. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, an yi zaton ita ce maganin wannan cuta, amma ta sha rufewa da buɗewa, ta fi daɗewa a rufe. Dalilan sun haɗa da annobar sharon, da ƙarancin abin da hekta take bayarwa, da kuma saɓanin farashi: idan kasuwa ta yi kyau manomi ya kai kayansa kasuwa, idan ta faɗi kowa ya nufo ƙofar masana'anta. Ƙara yawan amfanin da ba a tanadar masa wurin ajiya ko mai saye ba, ƙara yawan asara ne.

Iyaka ta huɗu ita ce aljihun gwamnati da rashin tsayuwarta a kan magana ɗaya. An raba fiye da naira tiriliyan ɗaya a shirin Anchor Borrowers. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kacal aka biya; Babban Bankin ya musanta, ya ce an biya fiye da rabi. Ko da an ɗauki lissafin bankin, kusan rabin kuɗin yana waje, kuma sabon shugabancin bankin ya janye daga irin wannan lamuni. Da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya ta wuce 1,000, injin ban-ruwa kuwa fetur yake sha. A watan Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da shinkafa da masara da alkama da wake na kwana 150. Mai saye ya samu sauƙi, wannan gaskiya ne, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya wayi gari farashin amfaninsa ya faɗi. Ita kuwa alkama da ake ta yi wa biki, iyakarta daga Allah take: tana buƙatar sanyin hunturu, wanda gajere ne a ƙasarmu, kuma duk wanda ya makara da shuka bayan tsakiyar Disamba zafin bazara zai riske shi. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2021 ya gano cewa alkamar da aka noma a ƙasar ba ta kai tan 40,000 ba, alhali muna cin miliyoyin tan a shekara.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Jihar Punjab ta Indiya ta karɓi sabon irin alkama daga Meziko a tsakiyar shekarun 1960, ta haɗa shi da taki da rijiyoyin burtsatse da farashin da gwamnati ta lamunce, ta zama rumbun ƙasar baki ɗaya. A 1997 aka mayar da wutar lantarkin ban-ruwa kyauta. Yau mafi yawan gundumomin jihar suna zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa fiye da abin da damina take mayarwa, manoma suna ƙara zurfin rijiya da bashi, har sai da aka kafa doka a 2009 da ta hana dashen shinkafa kafin lokacin da hukuma ta ƙayyade. Gwamnatoci sun san maganin, amma tallafin ya riga ya zama haƙƙi a idon jama'a, janye shi ya zama abin tsoro ga kowane ɗan siyasa. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye yanzu da ake raba injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana. Injin abin maraba ne domin ya raba manomi da tsadar fetur, amma tsadar fetur ɗin ita ce kaɗai take sa shi kashe inji. Idan jan ruwa ya zama kyauta ba tare da ma'auni ba, rijiyoyin fadama za su faɗa mana iyakarsu da kansu.

Za a iya cewa wannan magana ta masu ƙoshi ce, ƙasar da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a watan Yulin 2023 ba ta da lokacin damuwa da ciyawa da tsuntsaye. Za a ƙara da cewa ɗan ƙaramin kaso ne na gonakinmu ake yi wa ban-ruwa, kuma takin da manominmu yake zubawa bai kai kilo 50 a hekta da shugabannin Afirka suka yi alƙawari a nan Abuja a 2006 ba. Duk wannan gaskiya ne a matakin ƙasa. Amma matsakaicin lissafin ƙasa ba ya shayar da gona. Kowane kogi da nasa lissafin. Akwai wurare a kwarin Neja da Binuwai da ruwa yake wucewa ba a taɓa shi ba, akwai madatsu da aka gina aka bari ba magudanai. Kwarin Haɗeja ba ya cikinsu. Masunci da makiyayi da manomin dausayi su ma abinci suke samarwa, kuma yunwar Gashuwa ba ta fi ta Kura sauƙi ba.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Albarkatun Ruwa da Ma'aikatar Noma da sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da su zauna a teburi guda kafin kowane noman rani, su fitar da lissafin ruwan kwarin Haɗeja da Yobe a bainar jama'a: nawa ne a madatsu, nawa birni zai sha, nawa gonaki za su samu, nawa za a saki domin na ƙasa, kuma a wane wata. Kada a sake sanar da adadin hektoci sai an nuna ruwan da zai shayar da su. Tubalin wannan aiki yana nan, domin tun a 2006 gwamnonin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato suka haɗu a Damaturu suka amince da tsarin kula da kwarin tare da kafa masa asusu. Abin da ya rage shi ne a raya wannan yarjejeniya, a ba ta haƙora, a gyara na'urorin auna ruwa a koguna, a kuma daidaita sakin ruwa yadda zai riƙa kwaikwayon cika da janyewar kogi na asali domin karya lagon kachala.

Muna kuma kira da a bar kuɗin ruwan da manoma suke biya ya zauna inda aka tara shi, a hannun ƙungiyoyinsu da hukumar kogi, bisa asusun da kowa zai iya dubawa, domin yashe magudanai da gyaran ƙofofi. Ofishin Kasafi da 'yan majalisa su daina cika kasafin hukumomin raya koguna da ayyukan mazaɓu irin su fitilun titi da rabon babura, alhali madatsun da ke hannunsu suna jiran binciken lafiya. Wani kaso na kuɗin da ake kashewa wajen rabon taki ya koma ga gwajin ƙasa, da ɗaukar malaman gona, da ƙarfafa cibiyoyin bincike irin na Samaru da Badeggi da Tafkin Chadi, da samar da wuraren busarwa da ajiya kusa da gona. Ma'aikatar Kuɗi da Hukumar Kwastam kuma su riƙa sanar da duk wani sauyin harajin shigo da abinci kafin manomi ya zuba iri, domin ba a sauya wa mutum sharaɗi bayan ya riga ya ci bashi.

Daga ƙarshe, muna tunatar da daraktoci da mataimaka na musamman da masu rubuta wa ministoci takardun shawara cewa abin da suka zaɓa su ƙirga shi ne abin da gwamnati za ta bi. Muddin rahoton nasara ya tsaya ga buhunan da aka raba da hektocin da aka share, za a ci gaba da samun biki mai kyau da girbi mai raguwa. A ƙara wa rahoton wasu layuka: yawan amfanin da aka samu a kan kowane ma'aunin ruwa, ribar da ta rage wa manomi bayan ya biya taki da mai, zurfin ruwan rijiyoyi daga shekara zuwa shekara, da yawan ruwan da ya isa Gashuwa. Waɗanda suka gina Tiga sun yi wa zamaninsu abin da ya dace da shi, sun bar mana gadon da har yau muke ci. Aikin wannan zamani shi ne a raba ruwanta da adalci, a kula da ƙasar da take shayarwa, domin 'ya'yan Kura da na Nguru su tarar da abin nomawa.